'Yar Iskar Da Ke Saman Kwalbar Man Girki, Me Take Yi A Can?

 Kamar yadda muka saba, ga shirin a rubuce saboda waɗanda data ba ta ishe su sauraron murya ba.

Kafin mu fara ina so ka yi mini abu ɗaya. In kana gida, leƙa kicin ka ɗauko kwalbar man girki ko galan, ka ɗaga ta wajen haske. Tsakanin saman man da murfi za ka ga ɗan fili wanda babu mai a cikinsa. Yawancinmu in mun gan shi cewa muke yi kamfani ne ya yi mana ƙwange. To a kan wannan ɗan filin za mu yi hira yau, domin akwai mutanen da aikinsu ke nan a duniya: su soka allura su zuƙo iskar da ke wurin, su auna ta, su gaya maka ko man zai kai wata shida da lafiyarsa ko kuwa ya riga ya fara lalacewa.

Bari in gaya muku abin da ya ja ni ga wannan magana. Ina da goggo, ƙanwar mahaifina, ta fi shekara 20 tana sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Bara gab da azumi ta tara mai har ya cika jarka mai lita 25. Ta sayar da rabi, ta ce sauran sai bayan Sallah in farashi ya ɗaga. Jarkar tana ɗakin kwano, kusa da taga, a tsakiyar zafin bazara. Da lokacin ya yi ta auna wa wata mai ƙosai da suka daɗe suna ciniki, washegari matar ta dawo da shi ta ce man ya juya, masu saye suna cewa ƙosan yana maƙaƙi.

Goggo ta aika aka kira ni. Ta ce, "Kai da ka yi boko, zo ka gaya mini. Man nan da hannuna na yi shi, ban haɗa shi da komai ba, murfinsa a rufe, ko ƙuda bai faɗa ba. Me ya shiga?"

Na buɗe na shinshina, sai na ji wari kamar na tsohon fenti. Na ce, "Goggo, ai abin da ya ɓata shi tare kuka rufe su a ciki. Iska ce."

Ta kalle ni ta ce, "Iska? Yanzu ita ma iskar sai an yi gadinta?"

Dariya na yi a lokacin, amma wallahi tambayarta ita ce shirin namu na yau gaba ɗaya. E, ana gadin iska, har da na'urori na musamman.

Mu fara da ita iskar. Wannan da muke shaƙa, kusan kashi 78 cikin 100 naitirojin ce, kusan kashi 21 kuma oksijin. Naitirojin ba ruwanta da mai, ko shekara suka yi tare ba abin da za ta yi masa. Oksijin ita ce mai neman rigima. Ita ce ke sa ƙarfe tsatsa, ita ce ke sa yankakken dankali ya yi duhu, ita ce kuma ke tsufar da mai.

Shi mai, in ka duba ƙirarsa a ilimin sinadarai, dogayen sarƙoƙi ne, kuma a jikin wasu sarƙoƙin akwai gaɓoɓi masu rauni inda oksijin ke samun wurin kamawa. Gwargwadon yawan waɗannan gaɓoɓin, gwargwadon saurin lalacewar man. Akwai wani nau'in kitse mai irin wannan rauni da ake kira linoleyik. Man waken soya kusan rabinsa shi ne, manja kuwa kusan kashi 10 cikin 100 kawai, man gyaɗa yana tsakaninsu. Shi ya sa wani man ya fi wani jure ajiya.

Lalacewar hawa biyu ce, kuma ku riƙe wannan don za mu dawo kansa. A hawa na farko oksijin tana manne wa sarƙar, sai a sami abin da ake kira feroksaid. Feroksaid ba shi da wari, ba shi da ɗanɗano, ido ma ba ya ganinsa. Man yana nan garau amma aiki ya fara. A hawa na biyu feroksaid ɗin yana farfashewa zuwa ƙananan sinadarai marasa nauyi masu tashi sama kamar turare. Fitacce a cikinsu shi ne heksanal, wanda ke fitowa daga linoleyik ɗin nan. Su ne hancina ya ji a jarkar Goggo. Wato duk ranar da hancinka ya gaya maka mai ya juya, labarin ya daɗe da faruwa, kai ne ka ji shi a makare.

Abin kuma kamar gobara yake, in wuri ɗaya ya kama shi ke kunna na kusa da shi. Zafi yana hura shi, har masana suna da wani ƙiyasi cewa duk ƙarin digiri 10 saurin irin wannan aiki yakan kusan ninkawa. Hasken rana ma yana hura shi. Haka ɗan ɓurɓushin jan ƙarfe ko baƙin ƙarfe, irin wanda ke fita daga tsatsar durom ko tsohon mazubi.

Yanzu mu ɗan yi lissafi, kada ku gudu, mai sauƙi ne. Ƙwararru suna auna hawan farko da abin da suke kira ma'aunin feroksaid. Akwai hukumar Codex, wadda hukumar abinci ta FAO da ta lafiya ta WHO suka kafa a 1963 don tsara ƙa'idojin abinci na duniya. A ƙa'idarta ta man girki, tataccen mai na kamfani kada ma'auninsa ya wuce 10, wanda aka matse ba tare da tacewar masana'anta ba kuma kada ya wuce 15.

To ɗauki kwalba mai lita ɗaya, a ce filin da ke samanta mililita 50 ne. Oksijin da ke ciki bai fi mililita 10 da ɗoriya ba. Ko man ya shanye shi duka, ma'aunin zai ƙaru da kusan 1 ne kawai. Yanzu ɗauki jarkar Goggo bayan ta sayar da rabi: mai lita 12 da rabi, iska lita 12 da rabi. Oksijin da ke ciki ya haura lita 2 da rabi. In man ya shanye shi duka, ma'aunin zai iya ƙaruwa da kusan 18. Kun ga iskar da ke cikin jarkar kaɗai ta isa ta tsallakar da man iyaka, ba tare da kowa ya taɓa murfin ba. Balle kuma duk buɗewa sabuwar iska ce ke shiga.

Wannan ne ya sa manyan kamfanonin mai ba sa wasa da filin nan. Shi filin dole ne a bar shi, saboda mai yana kumbura in ya ji zafi, in aka cika kwalba maƙil za ta yi yoyo a hanya. Abin da suke yi shi ne su canza iskar da ke cikinsa. Wasu suna hura naitirojin ta cikin man tun yana tanki don ta kori oksijin ɗin da ya narke a ciki. Wasu suna fesa ta a bakin kwalba daf da rufewa. Wasu kuma ɗigo ɗaya na ruwan naitirojin suke sakawa, wanda sanyinsa ya kai digiri 196 ƙasa da sifiri. Da ya taɓa man sai ya koma iska, ya kumbura kusan sau 700, ya ture iskar da ke wurin, ya kuma sa kwalbar roba ta yi tauri. Irin dabarar da ake yi wa ledar soyayyen dankalin nan ce da kuke cewa rabinta iska ce.

Amma fa injin yana iya kuskure, murfi yana iya ƙin zama daidai. Ta yaya za a san aikin ya yi? Nan ne awon ya shigo, kuma iri biyu ne.

Na farko shi ne awon oksijin. Ana ɗauko kwalba daga layin cikawa, a manna wani ɗan faci na roba a murfinta ko a kafaɗarta don kada iskar waje ta kutsa, a soka allura ta cikin facin, na'ura ta zuƙi 'yar iska kaɗan. Cikin ƙasa da minti ɗaya lamba za ta fito. In ta nuna kusan 21, to iskar gari ce zalla aka rufe. Kamfanoni da yawa suna son su ga ta sauka ƙasa da 2. Wasu na'urorin da wani sinadari mai suna zakoniya suke aiki, irin wanda ke cikin na'urar auna oksijin da ke jikin salansar mota, 'yan'uwa makanikai sun san ta. Akwai ma na zamani da ke harba hasken leza ta jikin kwalba mai garau, su gane yawan oksijin daga yadda ya shanye hasken, ba tare da an huda komai ba.

Na biyu shi ne neman su heksanal, kuma shi ya fi zurfi. Ana zuba ɗan mai a wata 'yar kwalbar gilashi, a toshe ta ruf, a ɗumama ta na wasu mintuna har abubuwan da ke tashi su taru a samanta. Sai a zuƙi wannan iskar a tura ta cikin na'urar da ake kira gas kiromatogirafi. A cikinta akwai wani siririn bututu a nannaɗe, tsawonsa yakan kai mita 30, faɗin raminsa kuwa rubu'in milimita. Ka ɗauka tsere ne aka shirya. Duk sinadaran a tare suke shiga, amma wani yana saurin wucewa, wani yana tsayawa yana manne wa bangon bututun. A ƙarshen hanya akwai mai rajista da ke rubuta wanda ya iso, da lokacin da ya iso, da yawansa. A fuskar kwamfuta sai ka ga zane mai tsaunuka, kowane tsauni sinadari guda. In tsaunin heksanal ya yi tsawo, magana ta ƙare.

Wani abin sha'awa, wannan fasaha da kitse aka fara gwada ta. A 1952 wasu masana biyu a Landan, Archer Martin da Anthony James, suka wallafa aikinsu na farko a kanta, kuma sinadaran kitse masu tashi suka rarrabe da ita. A shekarar ce kuma Martin ya karɓi kyautar Nobel tare da Richard Synge saboda aikin da suka yi tun da farko a fannin rarrabe sinadarai.

Wani zai ce, to me ya sa sai an yi awo biyu? Saboda kowanne shi kaɗai yana iya yaudararka. A ce ka sami kwalbar da ta yi wata takwas a shago, ka auna ka ga oksijin kashi 1. Kana iya cewa madalla, kamfani ya yi aiki. Alhali yana yiwuwa da kashi 21 aka rufe ta, man ne ya shanye. Har ma za ka ga wasu kwalaben roba sun lotsa ciki kamar an matse su, kuma ɗaya daga cikin dalilan da ke sa haka shi ne man ya zuƙe oksijin ɗin da ke sama, ko da yake sauyin zafi da sanyi ma yana sa hakan. Shi ma ma'aunin feroksaid yana da nasa wayon. Kun tuna na ce hawa biyu ne? Feroksaid yana hawa, in ya fara farfashewa sai ya sauko. Don haka tsohon mai da ya gama lalacewa yana iya nuna lamba ƙarama kamar sabo. Heksanal ne ke tona masa asiri. Sai an haɗa shaidun nan an saurare su tare ake samun gaskiya.

Akwai wani amfanin kuma. Yawancin man waken soya, da wasu mayukan masana'anta, ana fitar da su daga ƙwaya ne da wani sinadari mai kama da fetur da ake kira hekzen, daga baya a kore shi da zafi. Da irin wannan awon ake tabbatar da cewa ya fita. A Tarayyar Turai iyakar da aka yarda ya rage ita ce miligiram 1 a kilo guda na mai.

Sai dai kada mu ɗora wa awon abin da ba nasa ba. Abin da ke tashi sama kawai yake kamawa. Gubar afalatoksin da ke fitowa daga gyaɗar da ta yi fumfuna ba ta tashi, haka rinin da wasu marasa tsoron Allah ke zuba wa manja don ya ƙara ja. Waɗannan gwajinsu daban ne.

To mu dawo gida. Me ya shafe mu, mu da yawancinmu ba ma sayen mai a rufaffiyar kwalba? Ai mu abin ya fi shafa. Tun 2002 doka ta wajabta a Najeriya a riƙa ƙara bitamin A a man girki, da sukari, da fulawa. Wannan tambarin ido da kuke gani a jikin wasu kayan abinci alamar hakan ce. An yi haka ne saboda ƙarancin bitamin A yana kawo dundumi, yana raunana garkuwar jikin yara, yana sa ƙyanda ta fi yi musu illa. Matsalar ita ce bitamin A ba ya jure oksijin da haske. Man da ke tsufa yana cinye bitamin ɗin da aka zuba masa, haka ma bitamin E da Allah ya halitta a cikinsa.

Yanzu ka tuna yadda man ke iso mana. Daga jarka a juye a robar ruwan da aka sha aka yar, ko a ƙulla a farar leda, a jera a tebur a rana tun safe har magariba. Ledar siririya ce, iska tana ratsa ta, haske yana ratsa ta, zafi kuwa ba a magana. Ita robar kwalba ma iska tana ratsa ta a hankali, gilashi da gwangwani ne ba ta ratsawa. Uwa ta sayi ƙullin mai da kuɗin guminta, tana ganin ta ba yaranta abin gina jiki, alhali wani kaso na amfanin ya tafi tun a tebur. Ba laifinta ba ne, ba kuma laifin mai teburin ba ne, shi ma abin da ya tarar ana yi ke nan. Rashin sani ne, kuma shi ake magancewa da irin wannan hira.

Ga abin da kowa zai iya yi daga yau ba tare da ya kashe ko sisi ba. Ka raba man da rana da kuma murhu, ka nema masa wuri mai duhu da sanyi. In jarka ko galan ya yi rabi, a juye sauran a ƙananan mazubai masu tsabta, busassu, a cika su, a bar ɗan fili kaɗan, a riƙa buɗe ɗaya bayan ɗaya. Kada a zuba sabon mai a kan ragowar tsoho, domin tsohon ne zai kunna wa sabon wuta. A rufe murfi da zarar an tsiyaya. In za ka saya, duba ranar da aka yi shi da ranar ƙarewarsa, kuma ka zaɓi na cikin shago a kan wanda ya wuni a rana. Masu tebur kuma, ko kwali kuka sa kuka yi wa man inuwa kun taimaki kanku da masu saye.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya, nan ne mu matasa ya kamata mu buɗe baki. Muna kira ga NAFDAC da SON su yawaita ɗaukar samfur daga teburin kasuwa, inda talaka ke saye, su kuma riƙa bayyana sakamakon da Hausa yadda kowa zai gane. Muna kira ga jami'o'inmu da kwalejojin kimiyya masu ɗakunan gwaji su buɗe ƙofa ga ƙungiyoyin mata masu man gyaɗa a farashi mai sauƙi. Shi ma'aunin feroksaid ba ya buƙatar babbar na'ura, da 'yan sinadarai da kwalaben gwaji ake yin sa, ɗalibin da ya karanci kimiyyar sinadarai ko ta abinci zai iya. Ku 'yan'uwa da ke neman abin da za ku yi bincike a kai a shekarar ƙarshe, ga aiki a ƙofar gida: ku auna man tebur da safe, ku auna shi bayan mako guda a rana, ku zo ku gaya wa unguwa abin da kuka gani.

Ita kuwa Goggo, man nan dai masu sabulu ta sayar wa a kan abin da bai kai rabin kuɗinsa ba. Ta ji zafin asarar sosai, don da kuɗin ta yi niyyar sayen buhun gyaɗa. Bana da na je gaishe ta na tarar ta jera galan-galan ƙanana a ƙarƙashin gado, kowanne a cike, an rubuta ranar da aka zuba shi a jiki da gawayi. Na ce, "Goggo, wannan fa?" Ta ce, "Gadin iska nake yi, ɗan nan."

Nan za mu dakata a wannan mako. In a gidanku akwai mai sana'ar mai, ko mai suyar ƙosai, awara ko wainar fulawa, ku karanta mata wannan ko ku kunna mata muryar. Ku kuma gaya mana yadda ake ajiye mai a garinku, wataƙila akwai dabarar iyaye da kakanni da ya kamata mu koya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.